Kwana 14 Iri Biyu Ne a Inshorar Waya



Da aka ce likita zai yi magana, na san wasu sun gyara zama don jin batun hawan jini. Batun waya na zo da shi, kuma bai yi nisa da aikina ba. Mai ciwon sukari da ke manna na'urar Libre a damtse, da waya yake duba sukarinsa. Da ita ake neman ƙarin magani ta manhajar NHS. Tun da katin zama na BRP ya daina aiki ranar 31 ga Disamba 2024, shaidar izinin zaman da yawa daga cikinmu ta koma intanet, lambar shiga kuwa ta waya ko imel take zuwa. Ga aika kuɗi gida. Wanda wayarsa ta ɓata a ƙasar nan, ba hira kaɗai ya rasa ba. Shi ya sa mutanenmu suke ta shiga inshora, sai dai da yawa suna ɗauka ranar da aka cire kuɗin farko, ranar kariya ta fara.

A takardun nan za ku ci karo da kwana 14 sau biyu, kuma ba abu ɗaya ba ne. Na farko naku ne, doka ta ba ku: in kun sayi inshora sannan kuka sake shawara, kuna da kwana 14 ku soke, a mayar muku da kuɗinku, ko da za a ɗan zaftare na kwanakin da suka wuce. Na biyu na kamfani ne. Kamfanoni da dama masu sayar da inshorar waya da kwamfuta ta intanet suna sa sharaɗin cewa duk abin da ya sami na'urar a kwanakin farko, galibi 14, ba ruwansu. Ka biya ranar 1 ga wata, yaro ya jefa wayar a bahon wanka ranar 9, to asararka ce. Kuma ranar da abin ya faru ake dubawa, ba ranar da ka kai kuka ba.

Dalilin ba baƙo ba ne gare mu likitoci. Inshorar lafiya mai zaman kanta a ƙasar nan yawanci ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya yi fama da shi a shekara 5 kafin ya shiga, sai ya yi shekara 2 a jere ba tare da ciwon ya motsa ba. Da babu irin wannan shinge, kowa zai jira sai gilashin ya tsage da safe, ya shiga inshora da rana, ya nemi sabuwar waya da yamma, kuɗin kuma masu gaskiya za a ƙara wa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ganina sharaɗin ba zalunci ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin mutum, a binne maganar a can tsakiyar takarda da ƙananan haruffa. Kuma kada ku zaci girman shago na hana wannan. A watan Maris 2019 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta ci tarar Carphone Warehouse sama da fam miliyan 29, saboda yadda aka riƙa sayar wa mutane inshorar waya tsakanin 2008 da 2015, har da waɗanda ba sa bukatarta.

Ba kowace inshora ce ke da wannan jira ba. Wadda aka saya tare da wayar a hannun kamfanin layi ko kamfanin da ya ƙera ta, yawanci nan take take farawa. Wasu kan yafe jiran in wayar sabuwa ce fil, ko in ka baro wani kamfani ba tare da an sami giɓi ba. Tambaya ɗaya za ku yi kafin ku miƙa katin banki: in ta faɗi gobe, za ku biya? A ba ku amsar a rubuce. Ku kuma leƙa asusun bankinku, don mai biyan kuɗin wata kan asusu sau da yawa yana da inshorar waya bai sani ba.

In wayar da kanta ta lalace, wannan ba ma batun inshora ba ne. Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai aibi wa shagon a ba ka kuɗinka. Amma ba ta san faɗuwa ko sata ba.

Yanzu ga inda na fi so ku ba ni kunne. Mutum ya ga wayarsa ta ɓata ranar 9, sai wani mai wayo ya raɗa masa ya yi shiru har ranar 16, sannan ya ce jiya aka sace. Don Allah kada ku yi. Kamfanin kan nemi takarda daga masu layin da ke nuna ranar ƙarshe da aka yi amfani da wayar, na'ura kuwa ba ta kara. Wannan zamba ce a dokar 2006, kuma akwai rajistar da kamfanonin inshora ke sa sunan wanda aka kama, gobe inshorar mota ma ta gagare shi. Ɗakin nan cike yake da ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi da direbobin tasi, duk aikin da ake binciken tarihin mutum kafin a ba shi. Masu neman takardar zama ɗan ƙasa kuma sun san ana duba hali. A sayar da duk wannan a kan wayar fam 600? Batun haramcinsa na bar wa malamai, ga su nan zaune.

Akwai wani jiran da ba ya ƙarewa. Wayar da aka sayo a Farm Centre ta Kano, ko tsarabar Dubai, ko wadda yaya ya ba ka ba rasit: kamfanoni da yawa sai wadda aka saya a Birtaniya, da rasit daga shago mai rajista, suke biya. Za su yi ta cire kuɗin wata ba tambaya, sai ranar neman diyya a ce kawo rasit. Masu zuwa gida su yi wata uku ko huɗu kuma, ku duba kwana nawa aka yarda waya ta yi a waje.

In an hana ka haƙƙinka, rubuta musu ƙorafi. Suna da mako 8 su ba da amsar ƙarshe. Daga nan kana da wata 6 ka kai ga Financial Ombudsman Service, mai raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kuma ba a biyan ko kwabo.

Kafin a kawo abinci, kowa ya ciro wayarsa ya danna *#06#. Lamba 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayarka. 'Yan sanda da kamfanin inshora duk za su tambaye ta. A rubuta a takarda a ajiye tare da rasit, ba a cikin wayar ba. Matasa, ku taimaka wa iyayenmu na layin gaba.