Mai Tsayawa Kusa da Mai Naƙuda: Aikin Dula a Amurka da Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa



Wannan lacca za ta dubi wata sana'a ta mata wadda ta yi ƙarfi a Amurka, watau aikin dula. Dula mace ce da ake ɗauka don ta tsaya wa mai ciki tun kafin haihuwa, ta zauna da ita har ƙarshen naƙuda, sa'an nan ta riƙa leƙa ta a kwanakin jego. Ba likita ba ce, ba kuma nas ba ce. Ba ta ba da magani, ba ta karɓar haihuwa. Aikinta shi ne riƙe hannu, da murza baya, da ba da ruwa, da kwantar da hankali, da fayyace wa mace da mijinta abin da likita ke nufi idan ya yi magana irin tasu ta likitoci.

Kalmar daga Girkanci aka aro ta, inda asalin ma'anarta baiwa, abin da ya sa har yanzu wasu ba su jin daɗin sunan. Wata masaniyar al'adu, Dana Raphael, ita ce ta yaɗa ta a littafinta na 1973 a kan shayarwa, tana nufin macen da ke ɗauke wa mai jego ɗawainiya don nono ya samu. Dalilin da ya sa Amurkawa suka buƙaci irin wannan mace kuwa a fili yake. A shekarar 1900, haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, amma zuwa 1960 ta wuce kashi 95. Mata sun sami likita da kayan aiki, rayuka da yawa sun tsira, sai dai an bar uwa da inna da maƙwabciya a bakin ƙofa.

Likitocin yara biyu, Marshall Klaus da John Kennell, su ne suka auna abin da aka rasa. A wani asibiti na birnin Gwatamala, su da abokan aikinsu suka raba masu haihuwar fari gida biyu: wasu aka ba su mace ta zauna da su, wasu aka bar su yadda asibitin ya saba. Sakamakon da aka buga a 1980 ya nuna waɗanda aka zauna da su sun haihu cikin awa 9 a matsakaici, sauran kuwa sai da suka yi awa 19. Matan ba su da yawa, don haka ba a gina hukunci a kan wannan kaɗai ba. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne na birnin Hustan, wanda aka buga a 1991. A can, kashi 18 cikin 100 na matan da aka bari su kaɗai aka yi wa tiyata aka ciro ɗan, alhali masu dula kashi 8 ne kurum. Akwai kuma rukuni na uku, waɗanda aka sa wata mace ta zauna a gefen ɗakinsu tana rubutu, ba ta magana, ba ta taɓa kowa. Su ma tiyatar ta sauka zuwa kashi 13. Ke nan zaman mutum a ɗaki, ko bai ce uffan ba, yana da nasa tasiri. Bayanin da masana suka bayar shi ne, tsoro kan sa jiki ya fitar da sinadaran firgita, waɗannan kuwa kan raunana matsawar mahaifa, naƙuda ta yi tsawo.

A 1992 aka kafa ƙungiyar DONA don horar da su. A 2017 masu nazari na Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, na mata fiye da 15,000, suka ga cewa zama da mai naƙuda ba yankewa yana rage tiyata da misalin kashi ɗaya cikin huɗu. Shekara guda bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta shiga ɗakin haihuwa da wanda ta zaɓa.

To, Bahaushe zai iya cewa ai wannan ba sabon abu ba ne, ga ungozoma, ga goyon ciki, ga wankan jego. Da gaskiyarsa, amma rabi. Al'adar Hausa ta yi tanadi mai kyau kafin haihuwa, inda mai cikin fari kan koma gidan iyayenta, ta kuma yi tanadi bayanta, inda tsohuwa ke tsayawa kan mai jego kwana arba'in. Tsakiyar ce a buɗe. Kunya da son a ce mace jaruma ce kan sa ta ɓoye naƙuda, ta durƙusa ita kaɗai, ba a kiran ungozoma sai ɗa ya faɗo, ta zo ta yanke cibi ta binne mabiyiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2008 ya nuna kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a Nijeriya an yi ta ba kowa a wurin, mafi yawa kuwa a Arewa. Idan jini ya ɓalle a wannan sa'a, babu mai ɗaga murya. Shi ma tanadin jegon ba duka ne alheri ba, domin likitoci Davidson da Parry sun nuna a Zariya a 1978 yadda kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta ke da alaƙa da ciwon zuciyar masu jego.

Ba lalle ne a ƙirƙiro sabuwar sana'a ta kuɗi ba, tun da a Amurka ma tsadar dula ta sa jihohin Oregon da Minesota suka fara biya wa matalauta daga asusun lafiya na gwamnati a 2014. A nan uwa da yaya da gwaggo suna nan, a shirye suke. Abin da ke tsare su a waje sau da yawa shi ne ginin ɗakin haihuwa: gadaje shida ko takwas a jere ba labule, ta yadda shigar baƙuwa ɗaya tona asirin sauran ne. Labule da kujera a gefen kowane gado, da horon kwanaki kaɗan ga 'yar rakiya a kan alamomin haɗari, abubuwa ne da ke hannun masu tsara kasafin ma'aikatun lafiya, wasunsu kuwa suna zaune a wannan zaure.