Saran Maciji da Aikin Jinƙai: Jawabin Ma'aikatan Asibiti a Taron Jubili a Njamena

  

An roƙe mu, mu ma'aikatan asibiti, mu yi magana a kan aikin magani. Tun sa'ad da masu bishara suka zo a 1925, suka zauna a Fort Archambault a ƙasar Cadi, garin da a ke kira Sarh yanzu, wa'azi da jiyyar marasa lafiya tare su ke tafiya. A lokacin nan sunan wannan gari namu Fort Lami ne, sai a 1973 aka maishe shi Njamena. Ƙananan ɗakunan magani suka yi ta ƙaruwa, har aka sami manyan asibitocin Ekklesiya irin na Bebalem da na Koyom. Lokaci ba zai ishe mu mu ba da labarin aikin duka ba. Saboda haka muka zaɓi abu guda, watau saran maciji, gama a kansa ne a ke ganin abin da mu ke so mu faɗa yau: ƙauna ga majinyaci tana bukatar sani, sani kuwa ba ya samuwa sai an gwada, an ƙidaya, an rubuta.

Manyan macizai masu dafi da su ke damun ƙasashenmu uku ne: kasa, da gamsheƙa mai tofi a ido, da kububuwa. Kububuwa ce ƙaramarsu, tsawonta bai cika wuce kamu guda ba, amma ita ce ta fi kashe mutane a wannan yanki na Afirka. Launinta kamar na ƙasa ne. Idan ta husata sai ta naɗe, ta riƙa goga jikinta, ka ji ƙara kamar an zuba ruwa a kan garwashi. Manomi ta ke sara da farkon damina da lokacin kaka, da makiyayi, da yaro mai yawo da dare ba takalmi. Sa'ad da Shari da Logon suka cika suka yi ambaliya, kamar yadda muka gani a nan a 2022, macizai su kan gudo tudu inda mutane su ke.

Hausawa suna ce mata gobe-da-nisa. Amma sau da yawa wanda ta sara ya kan ga gobe, har da jibi. Ƙafa ta kumbura, zafi ya ɗan lafa, ya ci tuwo, dangi su ce ya warke. Alhali kuwa dafin ya riga ya cinye abin da ke sa jini ya daskare. Sai jini ya fara fitowa daga dasashi, da tsohon miki, da fitsari. In ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa ko cikin ciki, mutum ya mutu bayan kwanaki. Idan ba a ba da makarin dafi ba, mutum 10 zuwa 20 cikin ɗari su kan mutu. Makarin nan kuwa tsohon abu ne. Wani likita Bafaranshe, Albert Calmette, ya fara yinsa tun 1895. A kan yi wa doki allurar dafi kaɗan kaɗan har jininsa ya koyi yaƙi da shi, sa'an nan a ɗebi jinin a tace.

Yawancin abin da muka sani game da kububuwa a Nijeriya ta Arewa aka koyo shi, cikin jeji da gonaki irin namu. A farkon shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, yana aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Shi da abokan aikinsa suka riƙa duba waɗanda kububuwa ta sara ɗaya ɗaya, suna rubuta kome, har a 1977 suka buga labarin majinyata 115. Asibitin mishan na Bambur, a kwarin Binuwai, ya ba da hannu ƙwarai cikin wannan aiki. A 1980 aka buga ƙidayar da ta nuna a wannan kwari maciji ya kan sari mutum 497 cikin kowane 100,000 a shekara, 12 cikin ɗari nasu kuwa su mutu. Kafin a ƙidaya, kowane gida makokinsa kaɗai ya sani. Da aka ƙidaya sai hukuma ta ga girman abin.

Daga cikin wannan aiki aka sami wani gwaji mai sauƙi, wanda ba ya bukatar lantarki ko na'ura. A ɗebi jinin majinyaci kamar rabin ƙaramin cokali, a zuba cikin sabuwar kwalbar gilas busasshiya, a ajiye ta minti 20, kada a taɓa. Sa'an nan a karkata ta. Idan jinin ya daskare, sai a ci gaba da lura da mutumin, a sake gwadawa in an jima. Idan ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, a ba da makari nan da nan. Bayan sa'a 6 a sake gwaji, in har yanzu bai daskare ba a ƙara. Sai dai a kula, tilas kwalbar ta zama ta gilas, gama ta roba ta kan ruɗi mai gwaji. Amfanin gwajin biyu ne. Yana nuna wanda ke cikin haɗari tun yana zaune yana hira. Yana kuma hana a ɓata makari mai tsada a kan wanda maciji ya sara bai zuba masa dafi ba, gama hakan ya kan faru.

Ba kowane makari ne ya ke aiki ba. A wani asibitin mishan a garin Yeji, ƙasar Gana, waɗanda su ke mutuwa da sara ba su kai 2 cikin ɗari ba. Sai makarin da suka saba da shi ya yanke, aka kawo musu wani mai araha, wanda aka yi da dafin macizan Indiya. Masu mutuwa suka kai 12 cikin ɗari. An buga wannan labari a 2008, likitoci a kudancin Cadi ma sun rubuta irinsa. Dalili shi ne, kububuwar Indiya da tamu dangi ne, amma dafinsu ba ɗaya ba ne. Ku lura, da ma'aikatan nan ba su riƙe littafin majinyata da aminci ba, da ba wanda ya gane. Da sai a yi ta cewa kwana ne ya ƙare.

Ga kuma labarin Kaltungo, a ƙasar Tangale, inda mishan ta S.I.M. ta zauna tun 1917. Asibitin gwamnati na garin ya yi suna wajen jiyyar saran maciji. Likitocin Nijeriya da na Ingila suka haɗa kai, aka kama macizan Nijeriya aka kai su Libaful, aka tatsi dafinsu. Da shi aka yi makari iri biyu, ɗaya daga jinin tumaki a Birtaniya, ɗaya daga jinin dawaki a Kosta Rika, duka da sunan EchiTAb. Aka gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo. Kowa ya sami makari, amma likita da majinyaci ba wanda ya san iri wanne aka ba shi, domin kada son zuciya ya shiga lissafi. A 2010 aka buga abin da aka gani. Kwalba ɗaya ta na tumaki ta gyara jinin mutum 76 cikin ɗari cikin sa'a 6, kwalba uku ta na dawaki kuwa ta gyara na mutum 83. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka yi aikin. Musulmi da Kirista suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a bakin gado ɗaya, rayuka kuwa suka tsira.

Gwaji ya kan tabbatar da magani, ya kan kuma ƙaryata shi. Dukanmu mun san baƙin dutse da a ke mannawa a bakin sara. Masu mishan da yawa sun rarraba shi a Afirka da kyakkyawar zuciya. Da aka gwada shi a kan dabbobi, aka tarar ba ya tsotse dafin da zai ceci rai. A 1986 wani ma'aikacin asibitin mishan a ƙasar Ekwado ya rubuta cewa girgiza wurin sara da lantarki yana warkarwa, mutane da yawa suka bi. Da aka gwada, aka ga ba shi da amfani. Me ya sa mutane su ke rantsuwa da irin waɗannan abubuwa? Domin yawancin waɗanda aka sara za su rayu ko ba a yi musu kome ba. Wanda ya rayu ya yaba wa dutse, wanda ya mutu kuwa ba ya nan balle ya ba da shaida. Babban laifin dutse da tsaga da jiƙo shi ne suna cin lokacin da ya kamata a yi tafiya asibiti.

Har yanzu makari yana wuyar samu. Wani mai kyau da a ke yi a Faransa, Fav-Afrique, an daina yinsa a 2014, na ƙarshen ya lalace a watan Yuni na 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Lissafinta ya nuna mutum 81,000 zuwa 138,000 su ke mutuwa da shi kowace shekara a duniya, waɗanda su ke nakasa kuma sun fi haka yawa. A 2019 ta ƙudura a rage wannan da rabi kafin 2030. Hukuma tana can nesa, 'yan'uwa, amma mai bishara yana cikin ƙauye. Shi a ke fara tayarwa da tsakar dare, abin da ya faɗa kuwa shi a ke bi.

Mun san waɗansu su kan ce, ai Bulus maciji ya kama hannunsa a tsibirin Malita, ya karkaɗe shi cikin wuta, bai ji ciwo ba, addu'a ta isa. Mun gaskata Allah mai iko ne. Amma Bulus ɗin nan da Luka likita ya ke tafiya. Ubangiji da kansa ya ƙi faɗowa daga kan Haikali domin a gwada Uban. Ku tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10. Ya ɗaure wa mutumin raunukansa, ya hawar da shi bisa dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi daga aljihunsa. Ku yi addu'a, amma ku yi ta a kan hanya.

Ga abin da mu ke roƙo kowane fasto da mai bishara da uwar Zumunta ya koya wa jama'arsa. A janye wanda aka sara daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da munduwa da takalmi tun kumburi bai hau ba. A sa wa ƙafar ko hannun tsinken karaya domin kada ta yi motsi, a ɗauke shi, kada ya yi gudu. Kada a ɗaure da igiya ko roba, gama ɗauri ya kan ruɓar da gaɓa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, gama mai jinin da ba ya daskarewa tsaga za ta zubar masa da jini. Kada a ba shi asfirin da danginsa, farasitamol ya isa. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Ko mutum ya ce ya ji sauƙi, a kai shi asibiti a gwada jininsa. Yaro kuwa makarin babba a ke ba shi, domin maciji ba ya rage dafi don ya ga ƙarami.

Ga abokan aikinmu na ɗakunan magani, muna roƙo uku. Kada kwalaben gilas su yanke muku. Kada ku ba da makari sai allurar adirenalin tana kusa, gama jikin waɗansu ya kan ƙi shi farat ɗaya. Ku kuma rubuta kowane majinyaci: ranar sara, da sa'ar isowa, da sunan makari, da kwalba nawa, da yadda ya ƙare. Littafin nan hidima ce ga Ubangiji daidai da allura.

Ga Ekklesiya kuma, kun san abin da jubili ke nufi cikin Littafin Firistoci sura 25: shekara ce ta sakin bayi da mayar wa matalauci gonarsa. Yau akwai gidajen da su ke sayar da akuya da hatsin shekara domin kwalbar makari, akwai kuma waɗanda su ke zama gida su mutu don tsoron kuɗin. Muna roƙo kowace Ekklesiya ta keɓe baiko na musamman saboda wannan, ta kuma san mai babur ko mai kwalekwale da za a tayar da dare. A yi wa kowa, Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya, manomi da Bafillace, ba tare da tambaya ba.

Sa'ad da macizai suka sassari Isra'ilawa cikin jeji, Allah ya umarci Musa ya yi maciji na tagulla ya ɗaga shi bisa sanda, Ubangiji Yesu kuma ya nuna wannan misali ne na gicciyensa. Shi ne makarin zunubi, ba wani. Shi wanda ya ceci rai ya kuma damƙa mana jiyyar jiki. Allah ya ba mu zuciyar tausayi da hannu mai aminci cikin shekarun da ke gaba, domin ɗaukakar sunansa. Amin.