Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Hita Da Gidajen Haya

 

Illela garin iyaka ne, ƙofar Birnin Ƙonni, saboda haka 'yan haya suna da yawa, ma'aikata da fatake. In hunturu ya kama, sai a yi ta jona hita, watau tukunyar lantarki ta dafa ruwan wanka, daga nan gardama ta tashi a kan kuɗin wuta.

Waɗansu ƙasashe sun yi wa abin doka. A 2015 Tarayyar Turai ta tilasta manna wa sabuwar hita takardar da ke nuna cin wutarta. A 2024 Amurka ta tsananta ƙa'ida, ta ba masu ƙira wa'adi zuwa 2029. To, mai ƙarancin cin wuta ta fi tsada. Mai gida ke saye, amma wanda ke biyan wuta shi ke cin ribar.

Ga lissafi. A Afrilu 2024 hukumar NERC ta kai yunit naira 225 ga masu samun wuta awa 20. Hita mai wat 1,500, in ta yi awa 2, ta ci yunit 3, watau naira 675 a wancan farashi.

Don haka ku gargaɗi masu gidaje: kowane ɗan haya da mitarsa, kuma a rubuta wanda zai sayi hita da wanda zai biya wuta, tun magana ba ta kai gaban alƙali ba.

Haza wasalam.