Kangayen Silima da Filayen Majigi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai waɗanda Allah ya ja da ransu har suka ga furfurarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, musamman waɗanda suka taso tun da sassafe daga Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Runka da Zakka, ina yi mana barka da ganin juna. Allah ya jiƙan waɗanda muka zauna da su bara, bana kuwa babu su.

Sakatare ya nemi in yi magana a kan abin da na mayar da hankali gare shi tun da na ajiye aiki, wato yawo da kyamara ina ɗaukar hotunan tsofaffin gidajen silima waɗanda aka rufe. Na san akwai wanda zai ce a ransa, duk matsalolin da suka addabi ƙasarmu, sai kangon silima? Na kuma san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka sha bulala saboda tsallake shingen makaranta su tafi kallo, ga kuma malaman da suka yi bulalar suna zaune a gaba. Ba zan kama suna ba. Ina dai roƙon a ba ni aron kunne na 'yan mintoci.

Bari in fara da Kano, domin a can ne labarin ya fi tsawo, kuma can ne yawancinmu muka fara ganin silima ta sosai, lokacin da muka je hutu ko neman aiki. Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma 'yan kasuwa Kwara, wato mutanen Labanan, su ne suka riƙe wannan sana'a shekaru da dama. Daga baya aka sami su Plaza da Orion da Queens da Eldorado da Marhaba. Mutanenmu na farko da suka ga hoto yana motsi a jikin gini ba su sami sunan da ya fi "dodon bango" dacewa da shi ba. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya daga ɗakin inji, domin fim na wancan zamani abu ne mai saurin kama wuta, mutum 331 suka rasa rayukansu. Jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah. Saboda haka da aka zo buɗe silimar Palace a 1952, a Jakara kusa da Kasuwar Kurmi, wadda ita ce ta farko a cikin birni, sai da aka yi tashin hankali, 'yan sanda suka shiga tsakani. Daga bisani ginin nata ya koma asibiti.

Na kawo wannan ne domin kada wani ya zaci ina so in wanke silima tas. Iyayenmu ba su ƙi ta a banza ba. A bakin ƙofarta ake samun 'yan daba da masu shaye-shaye da matan banza, kuma yaron da aka ce ya zama ɗan silima, to an gama yi masa shaida ke nan a unguwa. Amma jama'a, tarihi ba ya zaɓen abin da ke da daɗin faɗa kaɗai. A cikin waɗannan katangu ne samarin Arewa suka fara ganin ƙasar Indiya da Hankon da Amurka. A nan aka kalli Mother India har mutane suka haddace shi. A nan aka laƙaba wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, yara suka rinƙa karya ƙafa wajen kwaikwayon Bruce Lee. Wanda duk ya saurari waƙoƙin finafinan Hausa na yau, ya ga namiji da mace suna amsa wa juna baiti, to ya sani daga waɗannan bencina abin ya fito. Idan jikanka ya tambaye ka yadda aka yi Bahaushe ya iya waƙar Indiya alhali bai taɓa zuwa Bombai ba, da me za ka nuna masa?

Abubuwan da suka kashe gidajen nan kuwa sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sayo fim daga waje ya gagari masu silima. Bidiyo ya shiga gidaje, a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, mata da ba a bari su je silima suka sami abin kallo a ɗakunansu. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar finafinai, a 2001 kuma ta kafa hukumar tace su. Sai kuma babban dalili wanda ba a cika faɗa ba, wato tsadar fili. Silima tana cin wuri mai faɗi a tsakiyar gari, magada kuwa sun ga cewa shaguna hamsin sun fi bango ɗaya kawo kuɗi. Ni ban ga laifinsu ba. Abin da ke damuna shi ne a rushe gini a mako guda, ba a bar ko hoto ɗaya da za a ce ga yadda yake ba.

Na taɓa zuwa wata silima, a wani gari da ba zan ambata ba, na iske an mayar da ita wurin ajiye buhunan taki. Mai gadi ya ce in dawo idan mai wurin ya dawo daga tafiya. Da na koma bayan damina, sai na tarar da tulin bulo da tirela tana sauke yashi. Abin da ya rage a hannuna shi ne hoton ƙofa da na ɗauka daga kan titi.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ba, musamman ƙannenmu da suka gama makaranta a baya-bayan nan, yawancin silimunmu ba su da rufi. Katanga ce doguwa ta kewaye fili, a can gaba an ɗaga bango ɗaya sama an shafe shi da farin fenti, shi ne allon. Don haka ba a fara wasa sai duhu ya shiga, idan hadari ya taso kuwa kowa ya san inda dare ya yi masa. Masu ƙaramin tikiti suna gaba a kan benci, wuya a ɗage, masu hali suna baya a kan kujeru ƙarƙashin rumfa. A saman bayan ne ɗakin inji yake, da 'yan tagogi ƙanana. Inji biyu ake ajiyewa, domin kowane naɗin fim minti ashirin ne ko kusa da haka, idan ɗaya ya kusa ƙarewa sai mai inji ya tayar da na biyun ba tare da 'yan kallo sun lura ba. Ranar da ya makara, ko fim ya tsinke, to ranar zai ji sunan mahaifiyarsa daga bakin mutum ɗari biyar.

Waɗannan su ne abubuwan da nake nema idan na shiga kango. Nakan fara da neman izini wurin mai wurin ko mai unguwa, domin mutumin da aka gani yana ɗaukar hoton gini a wannan zamani ana iya yi masa mummunar fahimta. Nakan je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana take kwance, domin a lokacin ne rubutun da fenti ya rufe yake fitowa a jikin siminti. Sai in ɗauki gaba da baya da gefe biyu, sannan tagar sayar da tikiti, da allon da ake manna fasta, da matakala, da ɗakin inji idan hawansa ba shi da haɗari. Nakan sa mutum ya tsaya a gindin farin bangon don a gane tsayinsa. Amma mafi muhimmanci shi ne abin da ake rubutawa a bayan hoton: sunan wurin, unguwa, ranar da aka ɗauka, da abin da dattawan wurin suka faɗa. Hoton da ba shi da rubutu, bayan shekara ashirin babu mai sanin ko na Funtuwa ne ko na Gusau. Idan Allah ya sa na sami tsohon mai inji ko mai yanka tikiti da rai, nakan zauna in ɗauki muryarsa, kuma sau da yawa abin da ke bakinsa ya fi ginin daraja.

Ba mu kaɗai ke da irin waɗannan kangaye ba. A birnin Detroit na Amurka akwai wani ƙasaitaccen gidan silima da aka buɗe a 1926, a 1977 aka mayar da shi wurin ajiye motoci, adon rufinsa yana kallon su daga sama. Wani mai hoto, Matt Lambros, ya bi irin waɗannan gidaje yana ɗauka, ya fitar da littafi a 2016. Ɗaya daga cikin waɗanda ya ɗauka, Kings Theatre na Brooklyn, an buɗe shi a 1929, aka rufe a 1977, ya yi shekaru ruwa yana zuba a ciki, amma aka gyara shi aka sake buɗewa a 2015. Mu ba mu da irin kuɗinsu, ba kuma nake cewa a sake buɗe silima a garuruwanmu ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano naɗinsa a cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Bai tsira don wani ya kashe masa miliyoyi tun farko ba, ya tsira ne don ba a zubar da gwangwanayen ba. Haka nan tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da an ce tsohon ginin ƙasa ne a rushe, da yau ba mu da gidan tarihin da ke cikinsa.

To, ina ruwan Batsari da Safana da wannan zance? Mu silimarmu ta farko majigi ce. Motar gwamnati ce take zuwa da rani, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar hakimi ko na makarantar firamare, a tayar da janareta, mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara. Aka nuna mana Baban Larai da finafinan tsafta da na yaƙi da jahilci da hawan daba, maza da mata da yara duk a fili ɗaya, babu tikiti, babu wanda ya ce haramun ne. Bayan majigi sai gidajen kallo na zana da kwano suka zo, da bidiyo da ƙwallon Turai. Waɗannan su ne gidajen wasanmu, ko da yake ba su da suna a rubuce a ƙofa. Kuma mu mun fi kowa sanin yadda wuri yake zama kango. Daga 2019 zuwa shekarun da suka biyo baya, mun ga ƙauyukan bakin Dajin Rugu sun watse saboda 'yan bindiga, mutane suka kwarara Batsari da Dutsinma da Katsina da abin da suka iya ɗauka a ka. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman akwatin hotuna. Akwai yaran da aka haifa a gudun hijira waɗanda ba su san kamannin kasuwar garinsu ba, balle filin da kakanninsu suka kalli majigi.

Ina so in ja kunne a nan: kada kowa ya jefa ransa cikin haɗari saboda hoto. Inda hanya ba ta da kyau, a bari sai ta yi kyau. Aikin da ya fi gaggawa ma a cikin gidajenmu yake, a ƙarƙashin gado da cikin tsofaffin akwatunan ƙarfe, inda gara take cin hotunan da iyayenmu suka ɗauka.

Saboda haka ina gabatar wa shugaba da roƙo. A naɗa mutum uku ko huɗu daga cikinmu, ɗaya a Katsina, ɗaya a Kano, sauran a gida, su karɓi duk wani tsohon hoto ko tikiti ko fasta da wani yake da shi, a kwafa a mayar wa mai shi da abinsa. Kowane ɗayanmu da ke zaune a garin da ke da tsohuwar silima, wayar da ke aljihunsa ta isa, ya ɗauka kafin taron baɗi. Kada a bar hotunan a waya kawai, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. A wanke su a kan takarda, a rubuta bayani, a yi kwafi uku: ɗaya a ɗakin karatun makarantarmu, ɗaya a kai gidan tarihi na Katsina, ɗaya kuma Gidan Arewa da ke Kaduna. Editan mujallarmu kuma ya ware mana shafi biyu a kowace fitowa. Malamanmu na tarihi da suka yi ritaya, muna roƙon ku duba mana bayanan kafin a buga, kamar yadda kuka saba duba mana da jan biro.

Na zo da hotunan da na ɗauka, suna kan tebur a bakin ƙofa, kowanne da takarda a gefensa. Wanda ya gane wani wuri, ko ya tuna sunan fim ɗin da ya kalla a ciki da shekarar, don Allah ya rubuta kafin ya wuce wurin cin abinci.

 Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.