Amsoshin Wasiƙunku: Wai Ana Goge Asusun Da Aka Daɗe Ba A Taɓa Ba?

Wasiƙun wannan mako sun fito ne daga Babura da Roni da Gwiwa, kuma tambayarsu kusan ɗaya ce, don haka za mu haɗa su. Na Babura, wanda ya ce fataucin dabbobi yake yi, ya ji ana cewa kamfanin Google yana goge asusun imel na mutane. Shi ne yake tambaya ko gaskiya ne, kuma ko abin zai shafi lambobin abokan cinikinsa.

To malam, gaskiya ne. A watan Mayu na 2023 Google ya ba da sanarwa cewa daga Disamba na wannan shekarar, duk asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, yana iya goge shi da abin da ke ciki: wasiƙun Gmail, hotuna, takardu, har lambobin da ka ajiye a can. Dalilinsu shi ne, asusun da aka watsar kamar kangon gida yake, ɓarayin intanet sun fi samun sauƙin fasa shi su yi damfara da sunan mai shi. Sukan aika gargaɗi kafin su goge, amma fa cikin imel ɗin nan da ba ka buɗewa, sai ko wani imel na biyu in ka ba su.

Kada hankalinka ya tashi. Muddin asusun yana kan babbar wayarka, kana kallon YouTube ko kana binciken wani abu a Google, ana lissafa shi yana aiki. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ya sayar da babbar waya lokacin sayen taki, ya koma ƙarama, yana cewa sai kaka. Kaka ta zo, wata ta wuce. Ga shi kuma yaron shagon waya a Kazaure ne ya buɗe masa asusun, shi ko sunan imel ɗin bai riƙe ba, balle kalmar sirri.

Amma mu a ganinmu, abin tsoron ya fi yawa wajen layin waya, kuma nan ne tambayar mai sauraronmu na Roni ta shigo. Ya ce ƙanensa ya tafi cin rani ƙetare, ya bar sim a cikin akwati. Bisa ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi wani abin kuɗi da shi ba ana iya rufe shi, in zaman ya ci gaba a sayar wa wani da lambar. To ka ga wannan lamba ita ce ke karɓar saƙon banki, ita ce ke karɓar lambar da ake buɗe imel in an manta kalmar sirri. WhatsApp ma yakan goge asusun da ya kwana 120 bai hau intanet ba. Fatake masu tsallakawa Nijar ta Babura su yi watanni da layin can, ku ma da ku ake. Ka fito da sim ɗin ƙanenka, ka sa masa katin ko da naira 100, ka yi kira, kuma ka riƙa yin haka duk bayan wata biyu.

Na Gwiwa kuwa kuɗinsa na banki yake tsoro. Shi kuɗi ba a goge shi. Asusun da ya shekara ba a taɓa ba ana dakatar da shi ne, sai ka je reshe da katin shaida a farfaɗo. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2024 ta ce bayan shekara 10 a mai da kuɗin ajiya wajensa, amma mai shi ko magadansa suna iya nema a ba su.

Saura abu ɗaya. Ka rubuta sunan imel da kalmar sirri a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar gona. Lambar sirrin banki kuwa, wannan kada ka rubuta, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya bugo ya ce daga banki yake. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.