HARBI A BAINAR JAMA'A BAI HANA FASHI BA



An umurce ni in yi magana a kan fashi da makami, da abin da ya wajaba gwamnati ta yi. To, bari mu waiwayi baya.

Da aka gama yaƙin basasa a 1970, bindigogi suka bazu a hannun jama'a, fashi ya yi ƙamari. A shekarar nan gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar yanke wa 'yan fashi hukuncin kisa. A 1971 aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko, dubban mutane suna kallo. Fashi bai tsaya ba. A 1984 aka sabunta dokar, amma a 1986 sai ga Lawrence Anini ya addabi birnin Benin. Da aka gurfanar da shi, sai ta bayyana wani babban ɗan sanda, George Iyamu, yana taimakonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jama'a, ɗan fashi ba ya auna tsananin hukunci. Abin da yake aunawa shi ne ko za a kama shi. Muddin ya ga makami da araha, ya ga mai tsaro yana karɓar toshiya, ya ga shari'a tana shekara da shekaru, to, zai fita. In kuma saurayi ba ilmi, ba sana'a, ba gona, janyo shi ba wuya. Mun ga haka a Zamfara tun wajen 2011, inda satar shanu da rikicin gona da makiyaya suka rikiɗe suka zama garkuwa da mutane.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da abu huɗu. Na ɗaya, a toshe hanyar makamai. Cibiyar da aka kafa domin haka a 2021 a ba ta kuɗi da ma'aikata. Na biyu, a kyautata albashin 'yan sanda, a kuma hukunta maci amana a cikinsu. Na uku, a gaggauta shari'a, a kare masu ba da shaida. Na huɗu, a kai makarantu da sana'o'i karkara, a shata burtali da mashaya.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.