TAKARDAR HAIHUWA DA TARIHIN ZAMANMU A LAFIYA

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata



An ɗora mana nauyin yin magana a kan takardar haihuwa, da kuma yadda mutum zai bi sawun tarihin gidansu. Da jin haka wani zai ce ai wannan zancen 'yan boko ne. To, a yi mana haƙuri a saurara. Kwanan baya wani ɗan'uwanmu ya je tantancewar fansho, aka ce ya kawo takardunsa. Ta firamare ta ce 1961 aka haife shi, ta rantsuwar kotu ta ce 1964, katin ɗan ƙasa kuma ya ce 1 ga Janairu, 1966. Mutum ɗaya, haihuwa uku! Wata bakwai ya yi yana safa da marwa kafin a saki haƙƙinsa. Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, da wuya a sami gida a cikinmu da ba shi da irin wannan.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, ofishin da ke riƙe da takardu a wannan gari ya sha sauya hannu. A zamanin Turawa, har zuwa 1967, Lafiya tana cikin Lardin Binuwai ne, Razdan yana zaune a Makurɗi. Daga 1967 aka shiga Jihar Binuwai-Filato, a 1976 aka koma Jihar Filato mai hedkwata a Jos, kuma a shekarar ce aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi a gurbin En'e. Sai ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birni. Duk sauyin nan ana kwashe fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan, gara ta ci rabonta, ruwan sama ya ci nasa. Saboda haka wanda aka haifa a 1958 kada ya ɗauka akwai wani babban littafi da ke jiransa a sakatariya, da zarar ya faɗi sunansa a buɗe masa shafi. Rajistar haihuwa ta daɗe a Ikko, tun 1863, amma a ƙasar Arewa mafi yawan iyayenmu a gida aka haife su, ungozoma ta yanke cibi, aka yanka rago ran bakwai, shi ke nan.

Dokar da ake aiki da ita a yau ita ce mai lamba 69 ta 1992. Ita ta wajabta yi wa kowane jariri rajista, ta kuma damƙa aikin a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Doka ta ce a yi cikin kwana 60 da haihuwa, kuma kyauta ne. A lura da kyau: ɗan katin da ake ba mai jego a asibiti, ko katin rigakafi, ba shi ne takardar haihuwa ba, shaida ce kawai da za a kai wa ma'aikacin hukumar. Ma'aikatan suna zama a ofisoshin ƙananan hukumomi da wasu asibitoci, kuma haihuwar gida ma ana yi mata rajista, ba sai ta asibiti ba. Yaron da bai kai shekara 18 ba ana ba shi cikakkiyar takarda ko da an makara. Wanda ya wuce haka sai ya je babbar kotu a yi rantsuwar shekaru, sannan ya kai wa hukumar ta ba shi takardar tabbatarwa. Wannan kam ana biyan kuɗi, a biya ta hanyar da hukuma ta tsara, a riƙe rasit. Tun 2023 aka ƙaddamar da tsarin yin rajistar ta kwamfuta, don haka abin da aka shigar yau ba zai gogu da sauƙi kamar na fensir ba.

Duk da wannan sauƙi, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Mu da ke zaune a babban birnin jiha, ofis yana bakin ƙofarmu, ba mu da hujjar kasancewa cikin sauran.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Muna yawan cakuɗa takardu biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Takardar haihuwa tana faɗin inda aka haife ka da ranar, da sunan uwa da uba. Takardar asalin ƙaramar hukuma kuwa, wadda ake nema wurin ɗaukar aiki ko shiga makaranta, tambayarta daban ce: daga ina iyaye da kakanni suka fito? Mun san raɗaɗin wannan tambaya. Akwai wanda kakansa ya zo fataucin gishirin Awe da Keana tun kafin Bature, akwai wanda jirgin ƙasa ya kawo, akwai wanda doya da riɗi suka kawo shekara talatin da suka wuce, amma a gaban tebur sai a haɗa su duka a kira su baƙi. Maganar asali magana ce ta tsarin mulki da ta shugabanni, kuma ba yau za mu warware ta ba. Abin da ya dame mu shi ne dabarar da wasunmu suka ɓullo da ita: a haifi yaro a nan Lafiya, amma don a sauƙaƙa masa samun takardar asali a Katsina ko Kano, sai a je can a rubuta cewa a can aka haife shi. Jama'a, wannan kuskure ne babba. Takardar asali ba ta bukatar haka, tunda uba take bi ba wurin haihuwa ba. Kuma duk yaron da aka yi wa haka, mun goge da hannunmu shaida guda ta cewa muna nan. Gobe in jikanmu ya ce gidansu ya shekara ɗari a wannan gari, aka ce kawo shaida, me zai nuna? Takardun da suka ce kowa a Katsina aka haife shi?

Haka nan rage shekaru. Uba ya rage wa yaro biyu don jarrabawa, yaro ya girma ya rage uku don aikin ɗamara. A da ana sha, domin ofis bai san abin da ke wani ofis ba. Yanzu lambar ɗan ƙasa ta ɗaure banki da layin waya da fasfo wuri guda, kuma tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita. Gyaran ranar haihuwa a wannan rumbu wahala ne da kashe kuɗi. Ga kuma rantsuwa a kan ƙarya, wadda laifi ce a doka, malamanmu kuma sun fi mu sanin hukuncinta a addini.

To, wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, yaya zai gano gaskiya kafin ya je ya rantse? A fara daga gida. Dattawa da yawa, musamman gidajen malamai, sukan rubuta haihuwa da ajami a bangon littafi ko a wata takarda cikin gafaka: rana kaza, kaza ga watan kaza, shekara kaza ta Hijira. A nemo wannan, a kai wa wanda ya iya lissafi, a tuna shekarar Hijira ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, wato shekara 33 ta Hijira daidai take da kusan 32. Sunayenmu ma rajista ne. Ɗanladi da Ladi an san Lahadi ce, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Jummai, Asabe, Talatu. Azumi da Ɗan'azumi sun ba ka wata, Marka ta ba ka damina. Sai a haɗa da abin da tsohuwa za ta iya tunawa. Ba za ta ce 1973 ba, amma za ta ce shekarar da aka canja fam da sule zuwa naira. Komawa tuƙi a hannun dama 1972 ne. Zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna Janairun 1966, ta Murtala Fabrairun 1976, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. A nan gida kuma, Mai Martaba Isa Mustafa Agwai ya hau gadon sarautar Lafiya a 1974, ya rasu a 2019, ga ma'auni mai tsawo. In tsohuwa ta ce kana goye aka naɗa Sarki, kuma sunanka Ɗanjuma, ai rabin aiki ya ƙare. A tambayi mata kafin maza. Uba yakan manta, amma wadda ta yi wankan jego ba ta mantawa, ta kuma san wa ya girmi wa a unguwa, ko da da mako biyu ne.

Daga gida sai makaranta. Rajistar shiga firamare tana ɗauke da sunan yaro da na uba da shekarun da aka ƙiyasta masa. Mun ce ƙiyasi, domin mun san yadda ake yi, musamman a 1976 da aka buɗe ilimin firamare kyauta aka kwashi yara gaba ɗaya: a ce ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunne, in ya kai, ka shekara shida. Duk da haka ta fi babu. A je wa hedimasta da ladabi, a nemi a kwafa, kada a ce za a tafi da littafi.

Mai son zurfafawa ya wuce Kaduna. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke can yana riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, ciki har da na Binuwai, ga kuma Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello. Kada a je da zaton ganin ranar haihuwar kaka. Abin da ake samu rahotannin Di'o ne da lissafin haraji da bayanin kasuwanni da unguwanni, wato irin takardun da za su nuna tun yaushe ake ambaton Hausawa a wuri kaza, da sana'ar da suke yi. Wannan aiki ne da ya dace da 'ya'yanmu masu karatun tarihi a jami'a.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce kowane gida ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi. A zaunar da mafi tsufa a gidan, a rubuta sunan wanda ya fara zuwa, garin da ya baro, sana'ar da ta kawo shi, wa ya sauke shi, a wace unguwa, wane Sarki ke kan gado. A ɗauki muryar a waya, amma a rubuta, don waya tana faɗawa ruwa. Tsakanin Sallah ƙarama da babba ta bara mun binne dattawa uku, kowanne ya tafi da abin da ya sani. Sannan muna roƙon limamai da masu unguwanni, ranar suna in an shafa fatiha, a tambayi uban jariri ko an yi rajista. In bai yi ba, yana da sauran kwana 53.

Masu tambaya a kan rantsuwar kotu su tsaya bayan an tashi, a zo da duk takardun da ake da su mu duba tare.